Shekarar da Na Yanka Akuyar Kirsimeti

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Uwar biyu, in na yi ɗage ina hango murhunta. A ƙabila Badukkiya ce, daga wajen Rijau, Kirista, mijinta ya rasu tun tagwayenta suna firamare. Duk layinmu a Kontagora da wannan suna aka san ta. Ita kuma ƙawa take ce mini. Benci ɗaya muka zauna a ajin yaƙi da jahilci, kowacce da furfurarta a ƙarƙashin ɗankwali. Na riga ta iya haɗa baƙi, ta riga ni iya rubutu, don hannuna ya saba da muciya, fensir karyewa yake yi a wurina.

Akwai abin da muka daɗe muna yi tun kafin wannan aji. Duk jajiberin Kirsimeti da safe, Uwar biyu takan jawo akuyarta zuwa ƙofar gidanmu, Malam maigidana ya fito da wuƙarsa, ya kwantar da ita ta fuskanci gabas, ya ambaci sunan Allah ya yanka. Ba don babu maza a cocinsu ba. Tana yin haka ne don Musulmin layi su ci abincinta ba tare da wasu-wasi ba. Washegari kwanukan shinkafa da nama su zaga gida-gida. Mu kuma in layya ta zo, cinya guda tata ce, ba a tambaya. A wajenmu, ka mayar wa mutum da kwanonsa yadda ya aiko shi, ba a taɓa ba, ya fi zagi. Ka ce masa ke nan mun gama.

Shekarar da yaƙin nan ya tashi tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa, lokacin ana cirar gyaɗa ne. Rediyon Malam na rataye a jikin ƙusa a rumfa, kullum da safe ina tankaɗe ina ji. Ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa, magidanci ne da matarsa a ɓangaren gidanmu, sana'arsa gyaran waya a kasuwa. Duk hoton da ya shigo gari ta hannunsa yake bi. Yakan dawo da azahar ya miƙo mini wayar.

"Inna, duba."

Da can da sai in kalli hoto kawai in yi salati. Amma yanzu na iya karatu, sai in sa yatsa in bi rubutun da ke ƙasa a hankali. Wani lokaci nakan ce da ma ban iya ba. Na ga wata mata tana tona ɓaraguzan gida da farantin cin abinci. Na ga uba ya rungumi abu a farin ƙyalle wanda bai kai tsawon damtsena ba. Na ga motocin abinci a jere a bakin iyaka, an hana su shiga, mutane na can ciki suna dafa ganye. Ƙanwata ta taɓa zuwa mana daga wani ƙauye kusa da Kumbashi da zani ɗaya a jikinta, bayan 'yan bindiga sun ƙone musu rumbuna. Fuskar da ta shigo da ita ranar, ita nake gani a wayar nan.

Rediyo kuwa kullum taro. Manyan ƙasashe sun zauna, sun ɗaga hannu a tsagaita wuta, guda ɗaya ta hau kujerar na-ƙi, an tashi. Wata ta yi Allah wadai, wata ta nuna damuwa, wata ta aika makamai. Na tambayi Malam wace irin kujera ce wannan da mutum ɗaya zai zauna a kai ya danne duniya. Ya ce in bar shi ya ji labarai. A masallatai aka fara alƙunutu. Ɗana ya hana shigo da wani lemon kwalba gidanmu, ya ce kuɗinsa Isra'ila yake tafiya. Ban musa masa ba, da ma zoɓo na fi so.

To, Uwar biyu tana da wani mayafi. Shekarun baya ta je ziyara Urushalima, wadda mu muke kira Ƙudus, ta dawo mini da man zaitun a 'yar kwalba da dabino. Kanta kuma ta sayo farin mayafi mai ratsin shuɗi da tauraro a tsakiya, irin na tutar Isra'ila. Duk Lahadin da ta ga dama takan yafa shi zuwa coci. Shekara da shekaru ba wanda ya kalle shi sau biyu. Ni kaina na sha kwashe mata shi daga igiya in hadari ya taso.

Wata Lahadi a cikin wannan yaƙi ta fito da shi a kafaɗa, ta bi ta gaban majalisar samarin layinmu. Ina bakin ƙofa ina zubar da ruwan wanke-wanke. Ta gaishe su kamar kullum. Ba wanda ya amsa. Wani ya tofar da yawu gefe. Wani ya ɗaga waya ya bi bayanta da ita har ta sha kwana. Na san garinmu. Abu kaɗan ne yake zama babba kafin la'asar.

Da ta dawo ban jira ta cire takalmi ba, na shiga gidanta.

Na ce, "Uwar biyu, ninke mayafin nan ki sa a ƙasan akwati."

Ta ce, "Sannu da zuwa ma babu?"

"Babu. Kin san tutar wa kika yafa kika ratsa layi?"

"Ƙasa mai tsarki na yafa. Da ƙafata na je. Ke da kika shafa man da na kawo a gwiwarki, lokacin ba ki tambayi tuta ba."

"Lokacin ba a rushe gidaje a kan jarirai ba."

Ta ajiye jakarta a kan turmi. Ta ce, "Ƙawa, ke abin da ɗanki ya nuna miki kika gani. Ni ma an nuna mini nawa. A Isra'ila shiga gida aka yi da sassafe aka kashe mutane a kan gadonsu. Aka ɗora tsofaffi a kan babur aka tafi da su. A kan babur, ƙawa, kamar a nan."

Na san abin da take nufi. 'Yar ƙaninta na hannun 'yan bindiga tun damina, a hanyar Rijau aka tare motarsu. Ni na zauna da ita ranar da labarin ya zo. Amma raina ya riga ya ɓaci.

Na ce, "To da aka ɗauki 'yar ƙaninki, sai a je a ƙone duk rugar da ke daji da 'ya'yan cikinta? Haka littafinku ya ce?"

Ta ce, "Kar ki taɓa mini littafi."

"Ke ma kar ki taɓa mana ciwo. Ki yafa shi a ɗakinki in kin ga dama. In samarin nan suka yi miki wani abu, ni ce zan fito in tsaya, kuma ba na so in tsaya wa wannan tauraron."

"Ba wanda ya roƙe ki."

Na fita. Har yau ban ga abin da na faɗa da ba daidai ba, sai dai da ƙarfi na faɗe shi, kuma haka nake magana tun ina budurwa. Daga ranar gaisuwa ta koma ɗaga hannu. Ba ta ƙara leƙowa ta katanga neman garwashi ba, ni ma na daina aika mata ƙanzo. A aji ta koma bencin baya.

Ana haka watan Kirsimeti ya kama. Wata safiya na ji kukan akuya ta bayan katanga. Na yi ɗage. Ja ce, mai farin goshi, an ɗaure ta a gindin zogale. Uwar biyu ta sayo akuyarta kamar kowace shekara, kuma ba ta ce da kowa komai ba. Kukan nan kowa a gidanmu yana jin sa, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Ɗana ne ya fara fasa maganar, muna cin tuwon rana.

Ya ce, "Baba, bana dai ba za ka yi yankan nan ba."

Malam bai ɗago ba. Ya ce, "Wa ya ce?"

"Mutane na magana. Hoton matar nan da mayafinta ya zaga wayoyi. In aka gan ka da wuƙa a kan akuyarta, ni ne zan kasa zama a kasuwa."

Na ce, "Akuyar ce ta jefa bam?"

Ya ce, "Inna, ke fa kika je har gida kika yi mata faɗa."

"Na yi, kuma gobe ma zan yi. Faɗana ne, tsakanina da ita. Ban aike ka ba."

"'Yan'uwanmu ake kashewa."

"Na sani. Na fi ka kuka a kai. To in Uwar biyu ta ci Kirsimeti ita kaɗai, motocin abincin nan za su shiga Gaza?"

Ya ture kwanon ya tashi. Malam ya ci gaba da cin tuwonsa kamar ba a gabansa aka yi ba. Haka yake. Mutum ne mai tsoron Allah, amma ya fi tsoron bakin mutane a kan maciji. Bayan kwana biyu na ga wasu dattawan layi sun ja shi gefe bayan sallar la'asar. Da ya shigo na tambaye shi, ya ce maganar gyaran kwata ce. Na ce kwatar da ke kuka a gindin zogale ko wata.

Abin da ke raina shi ne wannan. In Malam bai yanka ba, wani daga cocinsu zai yanka, kuma ita da kanta ba za ta aiko mana da naman ba, don ta san ba za a ci ba. In ba ta aiko ba bana, mu ma da wane ido za mu aika cinya da layya. Iyalai nawa na gani a garin nan da suka fara da haka, suka ƙare da kwashe kaya zuwa unguwar da ke kusa da cocinsu. Na riga na ji tagwayenta, da suke aiki a Minna, suna ce mata ta sayar da gidan. Ina fushi da matar nan har wuya, amma ban shirya in yi ɗage in ga murhun baƙo ba.

Ranar jajibere, na idar da sallar asuba na fito tsakar gida, sai na tarar babu babur ɗin Malam. Matar ɗana ta ce ya tafi Kaboji duba dawar da aka yanke masa, sai yamma. Dawar da na san an riga an kai rumbu. Ashe mu ma muna da mai kujerar na-ƙi, shi tasa babur ce.

Rana ta ɗan ɗaga sai na ji sallama. Uwar biyu ce a ƙofar gida, igiya a hannu, akuya na jan baya. Ba mayafin a jikinta, tsohon zanin aiki ne. A can gefe samarin majalisa sun riga sun fito, sun jera a benci suna kallo.

Ta ce, "Ina kwana. Malam na ciki?"

Na ce, "Ya tafi Kaboji."

Ta kalli akuyar, ta kalli samarin. Ta ce, "To. Allah ya dawo da shi lafiya." Ta juya.

Na ce, "Tsaya."

Na shiga ɗakin Malam na ɗauko wuƙar daga saman ƙofa inda yake soke ta. Na wasa ta a dutsen bayan ɗaki, inda akuyar ba za ta gani ba. Ban taɓa yanka ko kaza ba. A garinmu mace ba ta yanka. In kaza za ta mutu ba namiji a gida, sai a bar ta ta zama mushe ko a ruga neman wani a titi. Amma a Islamiyyar matan aure an karantar da mu babin yanka, na kuma tambayi malamarmu baki da baki, ta ce yankan mace ya halatta in ta cika sharuɗɗa. Na riƙe sharuɗɗan a kaina kamar sunayen jikokina, ban san ranar amfaninsu za ta zo ba.

Da na fito da wuƙa da fartanya, Uwar biyu ta buɗe baki.

Ta ce, "Ke za ki yanka?"

"Kin ga wani?"

"In ɗauko miki taɓarya? An ce sai mace ta sa taɓarya tsakanin ƙafafunta."

"Bar taɓaryarki ta yi miki daka. Kama ƙafafun baya."

Na haƙa ɗan rami don jini a inda Malam yake haƙawa. Na ba akuyar ruwa. Daga benci wani ya ɗaga murya, "Inna, yankan mace mushe ne fa." Na ce ya je ya tambayi malaminsa, in ya dawo ya faɗa mini da wane littafi. Wani ya yi dariya, amma ba dariyar daɗi ba. Na ga wayoyi sun tashi sama.

Muka kayar da ita a gefen hagu, wuya ya kalli gabas. Akuyar nan ta fi yadda na zata ƙarfi. Uwar biyu ta danne baya, ni na sa gwiwa a kafaɗa, amma kan yana ta fizgewa, hannuna na hagu ya kasa riƙe haɓar. Ga sharaɗi kuma, in ka fara ba ka ɗaga wuƙa sai ka gama, kuma ƙullin maƙogwaro ya zauna ta wajen kai. In na kuskure, akuya ta tashi a banza, ta haramta gare mu, kuma a gaban layi duka. Zufa ta shiga mini ido.

Sai na ji mutum ya durƙusa kusa da ni. Ɗana ne. Fuskarsa a murtuke, bai kalli Uwar biyu ba.

Ya ce, "Inna, za ki ɓata ta. Saki kan."

Ya kama haɓar ya miƙar da wuyan, ya sa babban yatsa ya nuna mini wurin. Na ce Bismillahi, Allahu akbar, na ja wuƙar da duk ƙarfin da na tara a shekarun tuƙin tuwo. Ban ɗaga ba sai da na ji ta wuce. Jini ya zuba a ramin, ya fallatsar mini a zani. Muka riƙe ta har ta daina shure-shure. Ɗana ya duba wuyan, ya ce ya yi. Ya tashi ya wanke hannu a buta ya shige gida. Samarin benci suka sauke wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya.

Muka ja akuyar zuwa gidanta, mu biyu, muna haki. Kafin mai fiɗa ya zo ta kawo mini ruwa a moɗa. Muka zauna a kan tabarma ba mai kallon wata.

Can ta ce, "Fastonmu ya ce bana ba za a yi shagali a Baitalami ba. Garin da aka haifi Yesu. Wai mutanen garin Falasɗinawa ne, kuma akwai Kiristoci a cikinsu, suna makoki. Har a Gaza ma akwai coci."

Na ce, "Sai da kika ji akwai naku sannan ya dame ki?"

Ta ce, "Ke kuma waɗanda aka tafi da su a babur, kin taɓa sa su a addu'arki?"

Na tambaye ta labarin 'yar ƙaninta. Ta ce shiru har yanzu. Ta ce su can ko ba komai duniya na zama a kansu, mu nan wa ya taɓa ɗaga hannu saboda hanyar Rijau. Na ce zaman da ba ya hana komai, ban san ko ya fi rashin zaman ba. A kan wannan kaɗai muka yi baki ɗaya ranar.

Malam ya dawo gab da magariba, ya ga ƙasa a jiƙe a ƙofar gida da alamar rami. Ya ga wuƙarsa a wanke a kan taga. Ya ɗauki buta ya yi alwala.

Washegari kwanuka suka fita. Ina tsaye a ƙofa ina kallon inda kowanne ya shiga. Wasu gidajen sun karɓa. Wasu sun mayar a rufe yadda aka kai, kuma har yau ban san ko saboda mayafin ne ko saboda hannuna ba. Uwar biyu ta karɓi waɗanda aka mayar ta jera su a rumfarta, fuskarta ba ta nuna komai ba. Namu ita ta kawo da kanta, babba, da hanta a sama kamar yadda Malam yake so. Ta wuce coci da ankon matan zumunta. Mayafin ban ƙara ganinsa a layi ba, amma na gan shi a igiyarta bayan haka, ta wanke ta shanya, don haka yana nan.

Na ɗebi na ɗana na aika ɓangarensu. Matarsa ta ci, shi ya ce ya ƙoshi. Ban matsa masa ba.

Na ajiye sauran a gaban Malam a rumfa. Rediyo na magana a kan ƙusa, an ce za a sake zama a kan tsagaita wuta. Ya buɗe kwanon, ya daɗe yana kallon naman.

Ya ce, "Wa ya yanka?"

Na ce, "Ni."

"Kin fuskantar da ita gabas?"

"Na fuskantar."

"Kin ambaci sunan Allah?"

"Da ƙarfi. Har Kaboji ya kamata a ji."

Ya sunkuyar da kai. Ya jawo buta ya wanke hannu, ya ɗauki hantar ya kai baki. Na tsaya a kansa har ya haɗiye. Da ya gama na wanke kwanon, na cika shi da gyaɗar da na soya, na yi ɗage na miƙa ta saman katanga. Aka karɓa daga can.